Maganin gargajiyar Koriya na ciwon damuwa: mai hawan jini za ta iya sha?

Ummu Fa'iza, Asawase:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara kan yayata, shekarunta 52, tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi. Tun da jarinta ya karye wata huɗu ke nan ba ta samun barcin kirki, ƙirjinta na mata nauyi, tana jin kamar wani abu ya tokare mata maƙogwaro, abu kaɗan sai kuka. Wani ɗanmu ya aiko mata garin magani daga Koriya, an rubuta Gami-soyo-san a kwalin, wai na damuwa ne. Tana shan ƙwayar bendro saboda hawan jini. Me ke cikinsa, kuma za ta iya haɗa su?

Malam Na-Aboabo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Da farko, a likitancin Koriya da suke kira hanbang babu magani guda da za a ce na damuwa ne ga kowa. Likitansu, wanda sai ya yi shekara 6 a jami'a kafin a ba shi lasisi, yana taɓa bugun jijiya, ya duba harshe, ya tambayi barci da cin abinci da al'ada, sannan ya zaɓi haɗi. Tsohon ilimi ne, babban littafinsu Dongui Bogam na Heo Jun an buga shi tun 1613.

Soyo-san haɗin abu takwas ne: saiwar siho, danggwi, farar jagyak, baekchul, wani naman gwari mai suna bongnyeong, gamcho, citta da na'a-na'a. In an ƙara 'ya'yan chija (dangin gauɗe ne) da sassaƙen saiwar mokdan, shi ne ya zama wanda ke hannunku. Ana ba mai saurin fushi, mai jin zafi na taso mata zuwa fuska, musamman mace a shekarun ɗaukewar al'ada. Suna ma da sunan ciwon, hwabyeong, wato fushin da aka daɗe ana haɗiyewa har ya koma jiki.

To amma abin da kika faɗa na maƙogwaro, su wani haɗin suke ba shi, Banha-hubak-tang: banha, sassaƙen hubak, bongnyeong, ganyen soyeop da citta. Mai yawan tunani, mantuwa, kasala da rashin son abinci kuma Gwibi-tang ake ba shi, mai ɗauke da saiwar jinsin (ginseng). Kin ga ko a ƙa'idarsu ma, wanda ya sayo bai duba ta ba, ƙila ba nata ya sayo ba.

A can asibitin ne ke dafawa ya zuba a 'yan ledoji na kamar mil 100 zuwa 120, a sha sau biyu ko uku a rana da ɗumi. Ƙulli 20 shi ne zagaye ɗaya, kamar kwana 10 zuwa 15, sai a koma a sake duba mutum a gyara haɗin. Wannan komawar ita ce ba a samu a kwalin da aka aiko.

Anti Ramatu, mai haɗa magani:
Hajiya, kada ta fara tukuna. Matsalar tana wajen gamcho, saiwar nan mai zaƙi da masu shagon maganin Musulunci ke kira irƙus-sus. Sinadarin cikinta yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotasiyam, sinadarin da tsoka da zuciya ke buƙata. Bendro ma fotasiyam yake zubarwa ta fitsari. In suka haɗu jini ya hau, ƙafa ta kumbura, cinya ta mutu har tashi daga sujada ya gagara, in abin ya yi nisa bugun zuciya ya rikice. Kuma ba ranar farko yake nunawa ba, yakan ɗauki makonni, shi ya sa mutane ba sa zargin maganin.

Gamcho na cikin haɗin nan ba ta da yawa, kamar giram 1.5 zuwa 2 a rana, amma tsufa, ƙaramin jiki da ƙwayar fitsari irin bendro duk suna ƙara haɗarin. Wanda ya fi ban tsoro shi ne Gammaek-daejo-tang, na alkama da gamcho da daechu, don gamcho ɗinsa na kai giram 5. Wasu na ganin abu uku ne kawai sai su haɗa a gida da magarya. Magaryarmu 'yar uwar daechu ce, ba ita ba ce.

In likitanta ya yarda a gwada, ga yadda ake yi. A auna jini da fotasiyam da hanta kafin farawa. Fotasiyam ƙasa da 3.5 ko jini sama da 140/90, a dakata. A riƙa auna jini a gida safe da yamma, a maimaita gwajin bayan mako biyu zuwa huɗu. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ko busasshen tari da haki, a tsayar nan take a tafi asibiti. Chija kuma ba a shan ta shekara da shekaru, a Japan an ga ta taurara jijiyoyin hanji ga waɗanda suka daɗe a kanta.

Ki duba kwalin: akwai lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana? Akwai jerin abin da ke ciki da ranar lalacewa? In babu, ba ki san me ke ciki ba. A Beljiyam farkon shekarun 1990 musanya saiwa ɗaya da wata a maganin rage ƙiba ya kashe wa mata da dama ƙoda.

Baba Nas:
Ni abin da ya fi damuna ba maganin ba ne, wata huɗun nan ne. Duk abin da ya wuce mako biyu, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba, barci da ci suka lalace, ya isa a auna. Akwai takarda mai tambaya tara, PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27. Daga 10 ana buƙatar magani ko zaman shawara, daga 20 ya yi tsanani. Minti biyar ake cika ta. Asibitin Komfo Anokye na Kumasi na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitocin gunduma ma akwai nas-nas na wannan fannin. A nemi su duba ƙarancin jini, suga da maƙoƙo, don duk suna kwaikwayon damuwa.

Binciken da aka yi kan haɗe-haɗen nan akasari a Sin da Koriya ne, mutane kaɗan, lokaci gajere. Wasu sun nuna sauƙi a damuwa mai sauƙi, amma bai kai a ajiye maganin asibiti saboda su ba. Ƙwayar damuwa irin fluoxetine takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin ta, a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warke. Wasu masu cewa ba ta aiki a mako na biyu suka yar da ita.

Sannan ki tambaye ta kai tsaye, ku biyu a ɗaki: tana jin gara ta mutu? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ta ce e, yau za ku tafi, ba gobe ba, ku kuma kwashe magunguna daga ɗakinta. Tun 2023 majalisar Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga laifuka, babu batun 'yan sanda.

Ummu Fa'iza, Asawase:
Na gode, Allah ya saka. Kwalin duk rubutun Koriya ne, babu lambar FDA. Jinsin fa, shi kaɗai? Wata maƙwabciya ta ce ya fi sauƙi.

Anti Ramatu, mai haɗa magani:
Ga wadda ba ta barci jinsin yakan ƙara hana barcin ne, yana kuma taɓa suga da warfarin, ƙwayar tsinka jini. A bar shi. Ki ɗauki kwalin da katin bendro ɗinta ku tafi da su ranar ganin likita.

Malam Na-Aboabo:
In ranta ya fi kwanciya da na gargajiya, jami'ar KNUST ta Kumasi na yaye likitocin maganin tsirrai tun da ta buɗe sashen a 2001, wasunsu na aiki a asibitocin gwamnati, za su iya duba ta tare da likitan hawan jininta. Kafin nan a ajiye garin a rufe, nesa da danshi, don in ya dunƙule ko ya canza wari sai zubarwa.