Muhawara: Wai hunturu ne lokacin ɗaukar hoton ginin ƙasa?

Baban Khalifa: Jama'a, ana yawan gaya wa masu koyo cewa duk mai son hoton ganuwar Kano, hasumiyar Gobarau ta Katsina ko tsofaffin gidajen Birnin Damagaram ya bari sai hunturu. Ni ma ra'ayina ke nan. Hazo yana kashe kaifin rana, inuwa ba ta yin baƙi ƙirin, hanyoyin ƙauye sun bushe, kuma lokacin ne masu gida ke sabunta yaɓe. Mai ja ya kawo hujja.

Mai Hoto na Fagge: Malam, ina ja. Adon ginin ƙasa tudu da kwari ne: dagin da ke fuskar zaure, zankwaye, indararo, har sawun yatsun magini. Inuwa ce ke fito da su, kuma sai haske ya shafo bango daga gefe, rana tana ƙasa-ƙasa. A Kano cikin Disamba rana na fitowa wajen bakwai saura kwata, amma ranar da hazo ya yi kauri ba ta da ƙarfin yin inuwa sai ta ɗaga sosai. Wannan sa'a ta farko da ake nema ta tafi ke nan. Ga kuma sama ta yi fari fat. Kyamara na ganin farin sai ta rage haske, ginin ya fito duhu. Ka ƙara hasken kyamarar da +0.7 ko +1 don ceto bangon, saman ta ƙone, babu abin da za ka dawo da shi a kwamfuta.

Injiniya: Ku duka kun tsallake abin da ya fi hazo muhimmanci, wato ina ginin ya fuskanta. Kano tana kan digiri 12 arewa. Daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Maris rana ba ta barin ɓangaren kudu, saboda haka bangon da ya kalli arewa ba ya ganinta ko na minti ɗaya, da hazo ko babu. Daga wajen 21 ga Afrilu zuwa wajen 22 ga Agusta kuwa, ko da tsakar rana ta arewa take bi. Mai son zanen da ke irin wannan bango dole ya zo da bazara ko damina. Masallatai sun fi sauƙi: alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa, don haka bayan mihrabi aikin safe ne, bangon yamma kuma sai bayan la'asar. A buɗe taswirar waya a duba fuskar ginin tun kafin a biya kuɗin mota.

Maman Ummi: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma kada a yi wa damina kwalliya. Jiƙaƙƙen bango dabbare-dabbare yake fitowa, gindinsa baƙi, samansa ja. Masu soro da yawa suna shimfiɗa leda a kan rufi su danne da duwatsu, kuma tana shiga hoto. In aka fito da kyamara daga mota mai sanyi, gilashin zai yi gumi. A bar ta cikin jaka a rufe minti 10 zuwa 15 kafin a buɗe. Sannan don Allah kada wanda ya hau badala ko tsohon soro cikin Agusta don neman kusurwa. Ƙasa ta sha ruwa, azara kuma ba a ganin ruɓewarta daga waje.

Mai Hoto na Fagge: Hajiya, na yarda. Amma washegarin ruwa mai ƙarfi, iska ta wanku, sama shuɗiya da gajimare, jan bango kan koren gero, hunturu ba shi da wannan.

Ɗan Damagaram: Yayyena, har maganar "rana ƙasa-ƙasa" ɗin ma ba doka ba ce. Ku ɗauki hasumiyar masallacin Agadas, mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake gina ta a 1844. Jikinta duk itatuwa ne a tsire. In rana ta yi sama, kowane itace yana zubo doguwar inuwa a jikin laka, abin da ke nuna siffarta ke nan. Cikin hazo sai ta koma kamar tulin ƙasa. Kuskuren da ya fi yawa a can shi ne tsayawa a gindi a ɗaga waya, ginin da dama yana tsukewa sama ya ƙara tsukewa har ya yi kamar zai faɗi baya. A ja baya kamar ninki biyu na tsawonsa, a sa 2x a waya ko gilashi mai milimita 50 zuwa 85 a kyamara, a riƙe ta a miƙe.

Baban Khalifa: Na ji ku, amma ban sauka ba. Duk ado mai tudu kuke magana. Bangon da aka yi wa fenti fa, irin na ƙofar fadar Zazzau? Rana mai kaifi tana wanke launi, hazo kuwa yana barin kowane launi a mazauninsa. Haka karofin Ƙofar Mata: baba ya fi fitowa ba tare da ƙyalli ba. Kuma ku hau Dutsen Dala da yamma cikin Janairu da gilashi mai jawo nesa, unguwanni za su jeru hawa-hawa, na kusa duhu, na nesa dishi-dishi. Sharaɗina biyu ne. A ɗauka da RAW, wato hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a tsayar da ma'aunin launi wajen 5500K, domin in aka bar wa kyamara zaɓi tana mayar da jar ƙasa toka-toka. Kuma kada a canza gilashi a fili; ƙura na sauka kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ɗigonta kuma yana bayyana a saman hoto in an tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16. A canza cikin mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa, a hura da 'yar robar iska, ba da baki ba.

Maman Ummi: Wani ya ce gilashin folaraiza, wanda ake ɗaurawa a bakin kyamara don rage ƙyalli, yana maganin hazon. Gaskiya ne?

Injiniya: Kaɗan ƙwarai, Hajiya. Aikinsa a sama mai tsabta yake, in rana tana gefen kafaɗarki. Cikin ƙura hasken hawa ɗaya da rabi zuwa biyu (fiye da rabin hasken) kawai zai ci miki, ki koma ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a banza. Ki ajiye shi sai Oktoba.