Wa ya fara tsaya wa annabawa a gaba, malamai ko masu mulki?

Ɗalibin jami'a: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai ra'ayina, duk annabin da Allah ya aiko, malaman addinin zamaninsa ne ke fara juya masa baya. Ku duba Annabi Isa (AS). A ruwayar Kiristoci ma, babban firist Kayafa, shugaban malaman Yahudu, da majalisarsa ne suka kai ƙararsa gaban Bilatus, gwamnan Rumawa.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Yaro, ka cika gaggawa. Wane malami ne ya tsananta wa Annabi Musa? Fir'auna ne da Hamana da Ƙaruna, wato mulki da dukiya. Bokayen da aka tara ma su suka fara faɗuwa suna sujada.

Ɗalibin jami'a: Hajiya, Suratu Tauba aya ta 34 fa? Ta ce da yawa daga malaman Yahudu da na Nasara suna cin dukiyar mutane da ƙarya, suna kange su daga hanyar Allah.

Malamin Islamiyya: "Da yawa" aka ce, ba "duka" ba. Ka haɗa da Suratu Saba'i aya ta 34, inda masu wadatar gari ne ke cewa sun kafirta da abin da aka aiko annabawa da shi. A Makka Abu Jahil da Walidu ɗan Mugira ba malamai ba ne, manyan gari ne masu fatauci. Mai ilimin littafi da ke garin, Waraƙa ɗan Naufal, shi ya gaskata Manzo (SAW) tun ranar farko, har ya gaya masa mutanensa za su kore shi. A Madina Abdullahi ɗan Salam babban malamin Yahudu ne, ya musulunta.

Tela: Allah gafarta Malam, amma Ƙuraishawa ai su ke riƙe da Ka'aba da gumakanta da shayar da alhazai. Ta ina za a raba kasuwarsu da addininsu?

Hajiya: Yauwa, nan ka zo da magana. Tuwonsu aka taɓa.

Malamin Islamiyya: Kuma kada a ɗauka duk adawar malamai zalunci ce. An rufe annabta. Da malaman Kano suka yi ta gargaɗi kan Maitatsine, wanda ya yi da'awar annabta, kafin rikicin 1980, laifi suka yi?

Ɗalibin jami'a: Wannan daban ne, Malam, shi maƙaryaci ne.

Tela: To ai Kayafa ma abin da ya ce ke nan. Me mutumin zamanin zai duba ya bambance?

Malamin Islamiyya: Hujja da halin mai kiran. An kira Isha'i, in na dawo zan turo hirar Hirƙal, sarkin Rumawa, da Abu Sufyan kan Manzo (SAW) daga Buhari, a can aka yi irin wannan tambayar.