Musayar waƙa: Despacito ta ƙi tsufa

Ɗan Fagge: Jiya a shagon aski aka sa ta, mai askin yana kaɗa kai alhali reza na kan ƙeyata. Tun Janairun 2017 take fa. Ga nawa:

Waƙar Fonsi ta Porto Riko,
Ta zo da sanyi tun daga farko,
Ta kama kunne ya zam danƙo,
Har yau ba ta saki riƙo.

'Yar Damagaram:
Ƙanena, ina kai ina Sifaniyanci?
Kana ta rausaya cikin jahilci,
Da an fassara maka da ka ji ɗaci,
Ka rufe kunne, ka toshe hanci.

Ba banza Malesiya ta hana sa ta a rediyon gwamnati a Yulin 2017 ba.

Ɗan Fagge:
Yaya, ma'anar sunan "sannu-sannu",
Kiɗan ke motsa ƙafa da hannu,
Makiyayi na jin ta a bayan shanu,
Ke ma kin hadda, asirinki ya tonu!

In ba haka ba, wa ya fassara miki?

Baban Ummi: Kai! Ya gama da ita. Kano ko da me ka zo an fi ka.

Malam Na-Sakkwato: A dakata da tafi. Ɗana, a baitinka na fari ka haɗa "farko" da "danƙo". Ka daban, ƙa daban. Ɗangon ƙarshe kuma gaɓa ta kasa, ɗingishi yake.

Baban Ummi: Malam, kunne ke hukunci. Rera shi ka ji, ya zauna daram.

Malam Na-Sakkwato: Na rera sau uku.
Wanda bai san ma'aunin waƙa ba,
Kar ya ce kunnensa bai ji ba,
Awo a kasuwa ba a yi da ido ba,
Balle kari, ba wasan yara ne ba.

'Yar Damagaram: Allah ya ƙara girma, Malam. Amma "ba" huɗu a jere, wannan ai amsa-amon aro ne.

Mai Gurmi: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni makaɗi ne, na san inda ta kama mutane. Ana buɗe ta da kwatro, 'yar ƙaramar jita ta mutanen Porto Riko, sannan gangar regeton, salon kiɗan rawarsu, ta shigo. Da an iso amshi sai kiɗan ya ja birki, a yanka kalmar gaɓa-gaɓa. Wurin nan ko jaririn goye zai iya bi, ba sai ya ji yaren ba.

Sun ɗau hoto a La Perla bakin teku,
Agusta na yi an kalla biliyan uku,
Bieber ya shigo, Amurka ta bi sahunku,
Mako 16 tana saman allo, ina musunku?

Daddy Yankee ma, wanda suka rera ta tare da Fonsi, ya ajiye wannan harka a Disamban 2023 ya koma ga addininsa, ita kuwa tana nan a shagon aski.

Malam Na-Sakkwato: Bayaninka ya gamsar, Mai Gurmi. Ɗango na huɗu dai ya fi 'yan'uwansa tsawo da taku biyar.

Ɗan Fagge: Ku yi haƙuri, wuta aka ɗauke tun la'asar. Malam, ga gyara:

Na karɓi gyara, uba na gari,
Na auna wannan bisa kari,
Yaya ta yi shiru tun da wuri,
Tana can tana bin amshin a ɗari-ɗari.

'Yar Damagaram: Tuwo nake tuƙawa. Ka jira ni bayan isha'i.