Neman shawara: hawan keke a hanyoyin fadama da gefen gulbi a Sakkwato

Mai tambaya

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni ma'aikacin gwamnati ne a cikin garin Sakkwato, shekarata 47. Watanni huɗu da suka wuce likita ya ce sukarina ya hau, ya ɗora ni a kan magani, ya kuma ce lallai in riƙa motsa jiki. Gwiwata ba ta jure gudu, saboda haka na sayi keke ɗan Kwatano, irin na tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Hawan titi a cikin gari bai kwanta mini ba, domin tsakanin 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep mutum ba ya samun natsuwa, sai na yi sha'awar in riƙa sauka fadama, inda ƙasa take shimfiɗe babu tudu, ga iska mai sanyi ga koren lambu.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar asuba, na bi hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da na isa Kwalkwalawa sai na bar kwalta na shiga hanyar da manoma ke bi a gefen Gulbin Rima. Ban yi kilomita biyu ba tayar gaba ta nutse cikin rairayi, keken ya tsaya cak, ni kuwa na wuce ta samansa. Na tashi na kakkaɓe jiki na ci gaba, can gaba kaɗan tayar baya ta yi faci. Da na turo keken har bakin titi, mai facin da na samu ya ce bakin famfonsa ba ya kama bawul ɗin tayata. A bayan a-kori-kura muka dawo gida ni da keken.

Shin keken zan sauya, ko akwai gyaran da za a yi masa? Wace hanya ce ta fi dacewa da mai koyo irina? Kuma na ji ana yabon hanyoyin da ke bin magudanan ban ruwa na Wurno da Goronyo, ko akwai wanda ya taɓa bin su da keke?

Amsa daga wani mai gyaran keke

Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma tsare gaba. Shekara ashirin ke nan ina wannan sana'a, kuma tun kafin ka gama bayani na gane keken da ka saya. Faɗin tayarsa ba zai wuce milimita 23 ko 25 ba, an ƙera ta ne domin kwalta mai santsi, ana kuma cika ta da iska har ta yi tauri kamar dutse. Irin wannan taya idan ta hau rairayi yanka shi take yi ta nutse, ba ta iya hawa samansa. Keken da Turawa suke ƙerawa domin hanyar burji da tsakuwa yana kama da naka a ido, amma tayarsa tana kai milimita 38 zuwa 45, kuma an bar mata fili a jikin ƙarfen. Naka ba shi da wannan fili, da wuya ya karɓi abin da ya wuce milimita 28, don haka kada wani ya ci kuɗinka da sunan zai sa maka babbar taya.

Shawarata ita ce ka sayar da shi, ka cika kuɗi idan ta kama, ka sayi keken hawan dutse mai taya inci 26, wadda faɗinta ya kai inci biyu. Dalilina shi ne tayarsa da tub ɗinsa suna ko'ina a kasuwa, bawul ɗinsa kuma galibi irin na babur ne, kowane mai faci zai iya ba shi iska. Amma ka tsaya a kansa lokacin da yake ba da iskar, domin sun saba da babur, za su cika maka ita fiye da kima. A hanyar ƙasa ana son idan ka danna tayar da babban yatsa da ƙarfi ta ɗan lotsa. Idan ta yi tauri za ta riƙa tsalle tana zamewa, idan kuma ta yi laushi da yawa, duk ramin da ka faɗa wili zai matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji.

Facin da ka yi kuwa, ina kyautata zaton ƙaya ce. Manoma suna shinge lambu da rassan magarya da bagaruwa, makiyaya suna sassabo wa dabbobi gawo da rani, ga tsidau da ke kwance a ƙasa ba ka ganinsa. Ka bi tsakiyar hanya inda babura suka daddale, ka guji gefe da gindin itace. Ka riƙa tafiya da tub guda na ajiya, da ƙaramin famfo, da sholisho da faci. Idan ka cire tub ɗin da ya huje, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka taɓa ƙayar ka zare ta, in ba haka ba sabon ma zai huje kafin ka yi taku ɗari. Sarƙa kuma kada ka zuba mata baƙin mai. Da ƙurar hunturu yake haɗuwa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran giya. Ɗigon mai mara kauri ya isa, sannan a goge da tsumma.

Amsa daga wani manomin rani a Dundaye

Malam, sannu da wahala. Wurin da ka faɗi na san irinsa, domin kusa da bakin gulbi duk rairayi ne da ruwa ya kwaso ya zube. Idan ka ja baya kaɗan zuwa cikin fadama, ƙasar laka ce, kuma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu takan bushe ta yi tauri, sai dai inda shanu suka taka tun tana ɗanya, wanda zai girgiza ka har ka ji a haƙora. Da damina kuwa ka haƙura gaba ɗaya. Taɓon fadama yana liƙe wa taya har ta daina juyawa, kuma idan aka saki ruwa daga madatsar Goronyo gulbin yakan cika ko da ba a yi ruwan sama a nan ba. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a a daidai wannan yanki, sun san abin da nake faɗa.

Roƙona ɗaya ne. Hanyoyin nan namu ne na zuwa gona, da su muke fitar da albasa da tumatir da tattasai. Za ka tarar da mesar injin ban ruwa an gitta ta a kan hanya. Ka sauka ka ɗaga keken ka tsallake, domin idan ta fashe yinin mutum ya lalace. Kada ka bi ta kan fangali don gajarta hanya. Ka yi sallama, ka ba jaki da amalanke da garken shanu hanya. Idan suka san fuskarka, su ne za su faɗa maka inda hanya ta yanke, su kuma ba ka ruwa ranar da naka ya ƙare.

Amsa daga wani matashi mai hawan keke

Baba, ni a ganina Wurno ta fi. Na taɓa bin hanyar da ke gefen magudanar ruwa a can shekarun baya, miƙaƙƙiya ce, ga gonakin shinkafa da tafarnuwa hagu da dama, ba ka ko sauya giya. Ka sa keken a mota, ka je da sassafe, ka haɗa da ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 aka binne shi a garin.

Amsa daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin ban ruwa

Ɗana, abin da ka faɗa game da kyan hanyar gaskiya ne, amma ka ce shekarun baya, kuma a nan maganar take. Na yi aiki a wannan yanki, na san yadda aka tsara shi tun bayan kammala madatsar Goronyo a 1984: duk babbar magudana ana yi mata hanya a gefe domin motar masu duba ruwa, shi ya sa take daɗin keke. Sai dai kowa a jihar nan ya san halin da gabashin Sakkwato ya shiga saboda 'yan bindiga, daga Sabon Birni da Isa har Rabah da Goronyo, kuma Wurno ma abin bai bar ta ba. Mutanen da ke noma a can dole ce ta sa suke fita, kuma sun san lokacin fita da lokacin komawa. Baƙo shi kaɗai, da hular kwano da kayan wasanni, a bayan gari da asuba, ba zan ba shi wannan shawara ba a yanzu.

Malam mai tambaya, ka tsaya inda ka fara: tsakanin Kwalkwalawa da Dundaye, ko ɓangaren Wamakko, inda ba ka nisa da kwalta da mutane. Ka bari gari ya waye sosai, ka sami abokin tafiya, ka faɗa wa iyalinka hanyar da za ka bi.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya

Malam, tun da kana shan maganin sukari, ka koma wurin likitanka ka faɗa masa irin motsa jikin da ka zaɓa da tsawon lokacinsa, domin wasu magungunan suna iya sa sukari ya faɗi ƙasa idan mutum ya wahala bai ci komai ba. Alamarsa rawar jiki, da zufa mai sanyi, da jiri. Ka sa dabino a aljihu, ka ɗauki ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi. Ka fara da minti talatin, ka riƙa ƙarawa a hankali. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka tabbata ka dawo gida kafin hantsi ya ɗaga.

Abu na biyu shi ne kada zafi ya ja ka ka shiga ruwan magudana ko kududdufi don wanke ƙafa. A irin wannan ruwa mai tafiya a hankali ake samun katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Ga mai sukari akwai ƙarin dalili: ƙaramin rauni a ƙafa yana jinkirin warkewa, don haka takalmi rufaffe za ka sa, ba silifa ba.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, ranar da na faɗi ɗin ko karin kumallo ban yi ba, kuma silifa ce a ƙafata. Zan ga likita ranar Litinin. Baba, na ajiye batun Wurno da Goronyo. Ɗazu na duba tayar bayan kamar yadda mai gyara ya ce, na kuwa zaro ƙaya mai tsawon rabin ƙwayar ashana. Saura tambaya ɗaya gare shi: idan na je duba keken hawan dutsen, tsawona mita ɗaya da santimita 72, ta yaya zan gane girman ƙarfen da ya yi daidai da ni?

Mai gyaran keke

Yallaɓai, ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a sami tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da ƙarfen sama. Sirdi kuma a ɗaga shi har ƙafarka ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa, wannan ne zai sauƙaƙa wa gwiwar da ka ce tana damunka. Kafin ka biya, ka ɗaga kowace taya ka juya ta ka ga ko wili ya karkace, sannan ka gwada birki biyun.