Wanda ya kwashi yaran Kanada, shi ne da kofi?

Auta: Assalamu alaikum jama'a. Bari in faɗa tun yanzu a watan Agustan 2025, kafin kowa ya ɗaura takalmin ƙanƙara: kofin hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka na kakar 2025-26 na Penn State ne. Ƙungiyar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a watan Afrilu, karo na farko a tarihinta, ita ce kuma ta yi wuf da Gavin McKenna. Yaron nan maki 129 ya tara a wasa 56 a Medicine Hat, ƙungiyar matasa ta Kanada, ƙwallo 41 ya zura da kansa, sauran 88 shi ya miƙa aka ci. Ga Jackson Smith mai tsaron baya, wanda Columbus ta zaɓa na 14 a zaɓen sababbin 'yan wasa na bana na NHL, babbar gasar ƙwararru. Ga Aiden Fink bai tafi ba. Bana wanda ya ci kasuwar ɗaukar yara shi ya ci kofi, magana ta ƙare.

Kawu Kalamazoo: Wa alaikumus salam. Ɗana, magana ba ta ƙare ba, yanzu ma ka buɗe ta.

Sabon Zuwa: Ku yi haƙuri manya, ni bara na sauka ƙasar nan, ƙwallon ƙafa na sani. Me ya hana yaran Kanada zuwa tun da? Ba ga iyaka nan kusa ba?

Anti Rejaina: Ƙanena, 'yan Kanada sun daɗe suna zuwa. Waɗanda aka hana su ne 'yan CHL, wato manyan gasannin matasa uku na nan Kanada: WHL ta yamma, OHL ta Ontario, da ta yankin Quebec. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, a da tana ɗaukar su a matsayin ƙwararru, saboda ana ba su ɗan alawus, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka riga suka sa hannu da ƙungiyoyin NHL. Don haka yaro ɗan shekara 16 sai ya zaɓa: ko CHL, ko ya tsare kansa don jami'a. Ya taka wasa ɗaya a can, ƙofar nan ta rufe. Wani yaro, Rylan Masterson, wasannin share fage biyu kacal ya yi wa Windsor a 2022, shi ke nan ya rasa damar. Shi ya kai ƙara a watan Agustan 2024. Kafin shari'a ta yi nisa, a watan Nuwamba hukumar ta janye dokar da kanta, daga 1 ga Agustan 2025. Wanda ya fara buɗe hanyar ma ɗan ƙungiyar garinmu ne, Braxton Whitehead na Regina Pats, wanda ya yi wa Arizona State alkawari tun watan Satumba, dokar ba ta ma faɗi ba.

Kawu Kalamazoo: Madalla, Hajiya ta share fili. To Auta, zo mu zauna.

A 2021, a cikin mutum biyar na farko da aka zaɓa a NHL, huɗu 'yan Michigan ne: Owen Power na ɗaya, Matty Beniers na biyu, Luke Hughes na huɗu, Kent Johnson na biyar. Duka suka haɗu a ƙungiya ɗaya kakar da ta biyo. Ba a taɓa ganin irin wannan tarin ba. Ina suka tsaya? Denver ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, 3-2, a ƙarin lokaci. Har yau rabon Michigan da kofi tun 1998.

A 2023 Minnesota ta zo da Logan Cooley da Matthew Knies da Jimmy Snuggerud. Quinnipiac, makarantar da da yawa a cikinku ba za su iya nuna ta a taswira ba, ta rama ana dab da tashi, aka shiga ƙarin lokaci, daƙiƙa 10 Jacob Quillan ya gama da su. Wasu 'yan kallon ba su ma dawo daga sayen abin sha ba. A 2024 Boston College ta jera Will Smith da Cutter Gauthier da Ryan Leonard da Gabe Perreault. Denver ta ci su 2-0, gola Matt Davis ya tare hari 35. Macklin Celebrini, wanda ya ci kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'a yana ɗan shekara 17, shi ma Denver ce ta sallame shi a wannan shekarar. In kana so mu koma baya, Jack Eichel a 2015 ya kai wasan ƙarshe, Providence ta karɓe 4-3.

Sai namu na bana. Western Michigan, 6-2 a kan Boston University a St. Louis, ranar 12 ga Afrilu. Faɗa mini mutum ɗaya a ƙungiyar Pat Ferschweiler da aka zaɓa a goman farko. Babu. Abin da ke akwai gardawa ne 'yan shekara 22, 23, 24 da suka san juna, irin su kyaftin Tim Washe. A wasan jami'a mutum yakan shigo yana da 20 ko 21 bayan ya gama gasar matasa. McKenna sai watan Disamba zai cika 18. A WHL da sa'o'insa yake karawa, babba a can ɗan shekara 20 ne. A nan zai shiga kwana neman faifai, wato ƙwallon hoki, ya tarar da ƙato mai gemu da ya girme shi da shekara shida, wanda ya yi shekara huɗu yana ɗaga ƙarfe.

Auta: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ka zaɓi abin da ya yi maka daɗi ne. Denver ta 2024 ba da Zeev Buium ta ci ba, ɗan ajin farko, wanda aka zaɓa na 12 bayan wata biyu? Golanku Hampton Slukynsky da ya tsare muku raga har kofi, ba ɗan ajin farko ba ne? Kuma duk waɗanda ka lissafa ai sai da suka kai huɗun ƙarshe. Ƙungiya 16 ke shiga, kuma sili-ɗaya-ƙwale ne, faifai ya bugi ƙarfen raga ya dawo, shi ke nan shekararka ta tafi. Ku kanku sai da aka yi ƙarin lokaci biyu kafin ku wuce Denver. Da ta juya, da yau ba ka da labarin gardawa.

Kawu Kalamazoo: To ai ka kashe maganarka da bakinka. In sili-ɗaya-ƙwale ne, ta yaya ka san mai kofi tun Agusta?

Anti Rejaina: Kawu ya kama ka a nan, Auta. Amma Kawu, ni ma ban sake ka ba. Misalanka duk na tsohon zamani ne, lokacin da rabin yaran kirki ba sa cikin kasuwar. Yanzu ba taurari 'yan 17 kaɗai ke tsallakowa ba. Akwai 'yan shekara 20 da suka yi kaka huɗu a WHL, wasa 68 duk kaka ban da na neman kofi, suna kwana a bas daga Brandon zuwa Prince George cikin sanyin Janairu. Jami'a wasa 34 take yi, Juma'a da Asabar. Waɗannan da ƙwarewarsu za su zo, kuma da can jami'o'in Kanada suke tafiya da kuɗin karatun da gasar ke ba su, shekara ɗaya a kan kowace kaka. Su ne gardawan da kake yabo, kuma manyan makarantu ma za su iya ɗaukar su. Wato ƙungiya ɗaya za ta haɗa tauraro da gardi. Abin da ƙananan makarantu suka dogara da shi ke nan a da, shekaru, ga shi ya shiga kasuwa.

Mu a nan kuwa abin da ciwo. Victoria ta wayi gari babu Cole Reschny babu Keaton Verhoeff, duka sun tafi North Dakota. Brandon ta rasa Roger McQueen, ya nufi Providence. Medicine Hat da ta ci kofin WHL ta rasa McKenna, Cayden Lindstrom kuma ya tafi Michigan State. Ƙaramin gari ya raini yaro tun yana 16, tsofaffi na sayen tikitin shekara saboda shi, da ya nuna sai a tsinke.

Malam Mai Alli: Ina ta karanta ku, kowa na kallon saman jerin suna. Ni ƙasan nake kallo, don a ajina nake ganinsu.

A watan Yunin bana alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan a riƙa biyan su. Makarantar da ta shiga tsarin za ta iya raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekara, duka wasanni a haɗe, kuma kowa ya san ƙwallon Amurka da kwando ne za su kwashe mafi yawa. An cire iyakar tallafin karatu 18 da hoki ke da shi, aka sa iyakar mutum 26 a ƙungiya. Waɗanda suke ciki an yi musu sassauci, amma masu zuwa fa? Ga kujeru sun ragu, ga masu nema sun ƙaru da gasa uku cur. Akwai wani yaro da na koyar, ba zan faɗi makarantar ba. Ƙanensa tun yana 16 ya ƙi tayin wata ƙungiyar Kanada don ya tsare damarsa ta jami'a, kamar yadda doka ta ce a lokacin. Ya yi shekaru a gasar matasa yana jiran gurbin da aka yi masa alkawari da baki. Bazarar nan aka kira shi aka ce ya ƙara shekara guda tukuna. Kowa a gidansu ya gane fassarar. Alkawarin baki ba ya ɗaure koci, kuma wanda ya bi doka shi ya kwana a ciki.

Ƙara da ƙofar sauya sheƙa. Tun 2024 ɗan wasa na iya canja makaranta ko sau nawa ba tare da ya zauna shekara ba, in dai karatunsa na tafiya. Ƙaramar makaranta ta gano yaro, ta gyara shi shekara biyu, babba ta ɗauke. American International College ma bana ta sauka daga rukunin farko gaba ɗaya, ƙungiyar da a 2019 ta fitar da St. Cloud State, ta ɗaya a ƙasa.

Auta: Malam, gaskiya ne, amma ai kasuwa ce. McKenna ma ba sadaka ya zo yi ba, rahotanni sun ce abin da zai samu ya kai wajen dala dubu 700. Kuma Penn State ba jiya ta fara zuba kuɗi ba. Terry Pegula, mai ƙungiyar Buffalo Sabres ta NHL, dala miliyan 102 ya bayar aka kafa ƙungiyar aka gina filin da aka buɗe a 2013. Shekara 14 koci Guy Gadowsky na gini kafin a kai nan. Ni ban ga laifi ba a yaro ya ci guminsa.

Malam Mai Alli: Ban ce laifi ne ba, ɗalibina. Cewa na yi a ƙirga har da waɗanda aka tura waje. Sannan shekara nawa zai yi muku? A watan Yunin 2026 za a zaɓe shi, kowa na sa ran na ɗaya. Celebrini kaka ɗaya ya yi, Eichel ɗaya, Adam Fantilli ɗaya. Zangon karatu biyu ke nan.

Sabon Zuwa: To in na fahimta, kamar aron amarya ne ranar biki.

Anti Rejaina: Kai ƙanena, har ka waye! Amma akwai dalilin da ya sa manyan ke zuwa ko da na shekara ɗaya ne. Yarjejeniyar NHL da CHL, kamar yadda take a 2025, ta hana wanda aka zaɓa daga CHL zuwa gasar ƙwararru ta biyu, AHL, kafin ya kai 20. Ko ya samu gurbi a NHL, ko ya koma cikin yara. Irin su Porter Martone, wanda Philadelphia ta zaɓa na 6, ya fi ƙarfin OHL, bai kuma tabbatar da gurbi a sama ba. Jami'a ta zama matattakalar tsakiya, shi ya sa ya tafi Michigan State. Sharaɗin dai kada ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru.

Kawu Kalamazoo: Auta, tambaya ɗaya, ka amsa ba kwana-kwana. Wa zai tsare muku raga? Duk abin da kuka yi a kakar da ta wuce bayan mummunan farawar da kuka yi a gasar rukuninku ta Big Ten, a bayan Arsenii Sergeev kuka yi shi. Ya sa hannu da Calgary ya tafi.

Auta: An ɗauko Kevin Reidler daga Omaha.

Kawu Kalamazoo: Wanda a can ma ba shi ne na farko ba. Allah ya ba shi sa'a. Mu namu golan yana nan. Mun rasa Alex Bump da Washe, ban ɓoye ba, amma Owen Michaels da ya ci biyu a wasan ƙarshe bai je ko'ina ba.

Anti Rejaina: Ni in dole sai na zaɓa, Michigan State zan ce, ba don Martone ba, don Trey Augustine ya dawo raga shekara ta uku. A sa ido kuma a kan North Dakota. Sun sallami Brad Berry a watan Maris sun ba Dane Jackson, ga Reschny ga Verhoeff, kuma garin Grand Forks bai san haƙuri ba, rabonsu da kofi tun 2016.

Kawu Kalamazoo: Michigan State ɗin da Cornell ta kora 4-3 a zagayen farko bana, Augustine na raga, Isaac Howard mai Hobey Baker na gaba? Yanzu Howard ɗin ma yana Edmonton. Hajiya, ki sake lale.

Anti Rejaina: Ba zan sake ba, Kawu. Big Ten za ta nuna mana tun kafin Kirsimeti, don su da yaran Auta sau huɗu za su haɗu a kakar.