Na haɗa babur a Zariya, rajista ta gagara

Assalamu alaikum. Ni mutumin Maraɗi ne, ina zaune a Sabon Gari, Zariya. Na haɗa babur da injin Honda CG125 na hannu, taya inci 18, firam kuwa mai walda ya ƙera min da bututun ƙarfe. Birki, fitila, sigina, duk ƙalau.

Wajen rajista na maƙale. Fom yana neman lambar shasi, firam ɗina ba shi da ita. Na kai rasit ɗin inji da katin zama, sau biyu ana maido ni. Masu inshora ma sun ce sai da lambar. Wani bakanike ya ce in buga ta tsohon babur a jiki, wannan jabu ne, ba zan yi ba.

Don Allah, ta wace hanya doka ta yarda a ba firam ƙirar gida lambar shasi?