Ciwon Sukari Bayan Dashen Ƙoda: Shawarwarin da Aka Tattara

A wata tattaunawa da aka yi da likitocin ƙoda, an fi daɗewa a kan magungunan da ake sha bayan dashe, waɗanda kan jawo ciwon sukari. Tacrolimus, wanda yake hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, yana raunana ƙwayoyin halittar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, shi kuwa prednisolone, wani maganin hana jiki ƙin ƙodar, yana sa jiki ya rage jin aikin insulin ɗin. Duk da haka, likitocin sun ja kunne sosai cewa kada majinyaci ya rage ƙwaya ko ɗaya da kansa, domin asarar ƙodar da ɗan'uwa ya sadaukar ta fi hauhawar sukari muni nesa ba kusa ba.

Shawarar da ta fi jan hankalina ita ce ta lokacin awo. Wanda ya sha prednisolone da safe, sukarinsa yakan hau ne da la'asar, saboda haka awon asuba kafin karin kumallo yana iya nuna lafiya lau alhali matsalar tana nan. Haka kuma ba a dogara da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, a watanni 3 na farko bayan dashe, musamman idan an yi ƙarin jini.

Masu ƙiba, da masu ciwon hanta nau'in C, da waɗanda ake da ciwon sukari a danginsu, an ce su sanar da likita tun kafin aikin dashen, domin sun fi fuskantar haɗarin wannan ciwo.